Wane lens za ka ɗauka in za ka yi tafiya?

Mutane da yawa in za su sayi lens na tafiya abin da suke fara tambaya shi ne wanne ya fi kaifi, ni kuwa gaskiya abin da nake fara dubawa nauyi ne. Kyamarar da za ka rataya a wuya tun safe har dare kana hawa mota kana sauka kana yawo a ƙafa, in ta yi nauyi zuwa rana ta biyu za ka ga ka bar ta a masauki ka koma ɗauka da waya, toh ina amfanin kuɗin da ka zuba? Duba dai Canon RF 24-70mm f/2.8 (lambar f tana nuna yawan hasken da lens ke sha, ƙaramar lamba ta fi shan haske), lens ne mai kyau ba ƙarya, amma giram 900 ne shi kaɗai ban da kyamarar. RF 28mm f/2.8 kuwa giram 120 ne, har a aljihun riga sai ya shige.

Kafin ka je ko'ina fara duba bakin kyamararka inda lens ke shiga, domin kowane kamfani da nasa. Canon na da RF, Nikon na da Z, Sony E, Fujifilm X, kuma ba sa shiga juna sai da adafta in akwai ta, ita kuma adaftar ƙarin nauyi ce da tsawo, ka ga an koma gidan jiya.

Sai maganar milimita, nan ne ake yawan ruɗewa. Lambar milimita da ke jikin lens (ƙarama na ɗaukar faɗi, babba na zuƙo nesa) ba ita kaɗai ke nuna faɗin abin da za ka gani ba, girman sensa, wato abin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ma na da nata. In sensarka matsakaiciya ce da ake kira APS-C sai ka ninka lambar da 1.5 (ta Canon 1.6), in ƙaramar da ake kira Micro Four Thirds ce ka ninka da 2. Wato 27mm na Fujifilm (APS-C) kamar 40mm yake a babbar sensa da ake kira full frame, haka ma 20mm f/1.7 na Panasonic (Micro Four Thirds). Mutum zai ji ana yabon 50mm ya saya ya ɗora a APS-C, ya shiga ɗan lungu ko cikin ɗaki yana son ɗaukar wurin gaba ɗaya, ya yi ta ja da baya har bayansa ya taɓa bango amma rabin wurin bai shigo ba, saboda lens ɗin ya zama kamar 75mm.

Ni a ganina in lens ɗaya tak za ka ɗauka, nemi wanda ya faɗa tsakanin 35 da 40mm a lissafin babbar sensa. Yana ɗaukar titi da gine-gine, kuma in ka matsa kusa da mutum fuskarsa ba ta lanƙwashewa hanci ya yi girma kamar yadda 24mm ke yi. Nikon Z 40mm f/2 giram 170 ne, Sony FE 40mm f/2.5 G ma kusan haka. Amma kar ka tsaya a maganata, buɗe tsoffin hotunanka da ka fi so ka duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto, za ka ga milimitar da hannunka ya fi zuwa. Wani zai tarar kusan duka a 24 ya ɗauka, wani kullum a ƙarshen zum yake, kowa da idonsa.

In kai ba za ka iya rabuwa da zum ba babu laifi, musamman in za ka je inda ba a iya matsawa kusa, kamar kan dutse ko wurin kallon namun daji. Sigma 18-50mm f/2.8 na APS-C wajen giram 290 ne kuma f/2.8 ɗin nan ba ya canzawa ko ka zuƙo. Wanda ake haɗowa da kyamara, 18-55mm, da rana ba shi da matsala, amma in ka zuƙo shi ƙarshe galibi yana komawa f/5.6, kuma hasken da f/2 ke sha ya ninka na f/5.6 sau 8. Da yamma ta yi ko ka shiga gidan tarihi inda aka hana filasha a nan za ka gane bambancin, kyamara ta ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na sensa) hoto ya fito da tsaki-tsaki ko ya yi dishi-dishi saboda rawar hannu. Don haka in jikin kyamararka ba shi da abin rage girgiza, duba ko lens ɗin yana da shi, Canon na rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS.

Ƙura da yayyafi kuma kar ka raina su. Duk sanda ka cire lens a waje ƙura na iya sauka kan sensa, sai ka dawo ka tarar da ɗigo a wuri ɗaya a sararin samaniyar kowane hoto. In dole ne ka canza, kashe kyamarar, juya bakinta ƙasa, ka ba iska baya ka yi sauri. Fujifilm na sa WR a jikin lens ɗin da aka toshe wa ƙura da danshi, amma sai in ita ma kyamarar an toshe ta sannan zai yi maka cikakken amfani.

Ranar saye ka je da kyamararka, ɗora lens ɗin, rataya ta a wuya ka ɗan zaga, gwada fokas a wuri mai duhu ka ji ko yana ta kai-komo kafin ya kama, sannan ka saka ta a jakar da za ka yi tafiyar da ita ka ga ko zif zai rufe.