Yadda Za Ka Gano Matsalar Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Ta Ƙi Tashi

Daga lokacin da ka danna maɓallin kunna kwamfutar tafi-da-gidanka zuwa lokacin da Windows ko Linux za ta buɗe maka, abubuwa uku ne suke faruwa a jere cikin 'yan daƙiƙu. Da farko wuta tana shiga babban allon lantarkin da ke ciki. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin allon, wadda ake kira BIOS a tsofaffin kwamfutoci, UEFI kuma a sababbi, sai ta duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita yayin da take kunne, da sauran kayan ciki ta ga ko suna amsawa. Bayan haka ta nemi diskin da babbar manhaja, wato Windows ko Linux, take, ta miƙa mata ragamar aiki. Gano matsala ya ta'allaƙa ne ga sanin matakin da tafiyar ta tsaya, domin kowane mataki da irin maganinsa, kuma wanda ya yi gaggawar goge diski ya sake sa Windows kafin ya san wannan, yakan yi asarar fayilolinsa a kan matsalar da ba ta taka kara ta karya ba.

Idan ka danna maɓallin babu fitilar da ta kama, fanka ba ta juya ba, babu motsin komai, to babbar manhaja ba ta da laifi, domin ko wuta ba ta shiga ba. Ka gwada wata caja mai ƙarfi ɗaya da ta asali, ka canza soket, ka duba ko ƙaramar fitilar caji tana kamawa. Idan hakan bai yi ba, ka cire caja da duk abin da aka jona, ka cire batir idan mai cirewa ne, ka danne maɓallin kunnawa na tsawon daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ta maƙale ta fita, sannan ka jona caja kaɗai ka sake kunnawa. Idan har yanzu shiru, aikin ya koma hannun mai gyara.

Wani lokacin fitila tana kamawa, fanka tana juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani bai fito ba. A nan sai ka haska tocila a jikin sikirin ɗin daga kusa ka duba da kyau. Idan ka hango inuwar rubutu ko tambari a dishi-dishi, kwamfutar ta tashi, fitilar bayan sikirin ce ta mutu. Jona ta da talabijin ta wayar HDMI zai tabbatar maka da hakan. Idan babu hoto a can ma, abin zargi na farko shi ne RAM. A kwamfutocin da ake iya buɗe bayansu, bayan an cire caja da batir, ana ture ƙananan ƙarafa biyu da ke riƙe da RAM ta gefe da gefe, ta ɗago da kanta, a zare ta, a mayar da ita a karkace a danna har a ji ta kama. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma lura da ƙyaftawar fitila: kwamfutocin HP sukan ƙyafta fitilar Caps Lock, na Dell kuma fitilar batir cikin fari da ruwan goro, kuma adadin ƙyaftawar yana da fassararsa a littafin kowane samfuri.

Matsalar da ta fi yawa, kuma wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta, ita ce tambarin kamfani ya fito sannan tafiyar ta tsaya. Ko dai rubutu ya bayyana cewa "No bootable device" ko "Operating system not found", ko shuɗin sikirin ya fito da lambar kuskure, ko kuma kwamfutar ta yi ta kashe kanta tana sake kunnawa ba iyaka. Ka ɗauki hoton saƙon da wayarka kafin ya ɓace, domin kalmominsa su ne za su nuna maka hanya. Sannan ka cire duk filashi, katin ajiya da diskin waje, ka sake kunnawa. Kwamfutoci da yawa suna ƙin tashi ne kawai saboda suna neman babbar manhaja a jikin filashin da aka manta a jone.

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka nemi makullin BitLocker ɗinka, wato tsarin da Windows ke kulle diski da shi. Kwamfutoci masu yawa na zamani suna zuwa da diski a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma sauya wani saiti a UEFI kan sa Windows ta nemi makullin ceto, wanda lambobi 48 ne. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga da shi ranar da aka fara kunna kwamfutar, kuma ana iya ganinsa ta waya. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce, yana hannun masu kula da kwamfutocin wurin. Wannan mataki ne da nake ganin bai kamata kowa ya tsallake ba, domin idan makullin ya ɓata, babu mai gyaran da zai iya buɗe fayilolin, komai ƙwarewarsa.

Yanzu sai ka shiga saitin BIOS ko UEFI, ta hanyar danna maɓallin da ya dace a kai a kai da zarar ka kunna. A Dell, Acer da Asus F2 ne, a HP F10 ne ko Esc, a ThinkPad na Lenovo F1 ne. Tambaya ɗaya kake neman amsarta a ciki: shin kwamfutar tana ganin diskin? Idan sunansa da girmansa sun fito, alama ce mai kyau. Sai ka duba jerin abubuwan da take tashi daga gare su, ka tabbatar "Windows Boot Manager" ne a sama. Ka kuma dubi kwanan wata da agogo. Idan ka ga sun koma wata shekara da ta wuce da daɗewa, ƙaramin batirin da ke riƙe da saiti, wanda galibi CR2032 ne mai bolt 3, ya ƙare, kuma saitin ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Abubuwa biyu ne wannan komawar ta fi ɓatawa. Na ɗaya shi ne salon tashi: Windows ɗin da aka sa a salon UEFI a kan diski mai tsarin GPT ba za ta tashi a salon Legacy ba, haka ma wadda aka sa a Legacy a kan MBR ba za ta tashi a UEFI ba. Na biyu shi ne yanayin diski, tsakanin AHCI da RAID; idan aka sa Windows a ɗaya sannan saitin ya koma ɗayan, shuɗin sikirin mai ɗauke da "INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE" ne zai tarbe ka, alhali diskin lafiyarsa ƙalau. Ka riƙa sauya saiti ɗaya kacal a kowane gwaji, ka rubuta yadda ka same shi, domin ka iya mayar da shi idan bai yi ba.

Idan kuwa diskin bai fito ba sam, mai yiwuwa ya saki daga mazauninsa, musamman idan kwamfutar ta faɗi, kuma zare shi a mayar yakan wadatar. Dell da HP suna da gwajin kayan ciki da ba ya buƙatar Windows: a Dell ana samunsa ta F12, a HP ta F2. Ka bar shi ya gwada diski da RAM har ƙarshe. Amma idan diskin tsohon samfuri ne mai juyawa, kuma kana jin yana ƙas-ƙas a kai a kai, ka kashe kwamfutar nan take kada ka sake kunna ta, domin kowace kunnawa tana iya ƙara karce faifan da fayilolinka suke kai.

Idan diski yana nan amma Windows ta ƙi tashi, ka fara kwashe fayilolinka kafin kowane gyara. Za ka buƙaci wata kwamfutar mai aiki da filashin da bai gaza gigabait 8 ba. Hanya ɗaya ita ce ka sa Ubuntu, wato wani nau'in Linux, a filashin, ka tashi daga gare shi ta F12, ko F9 a HP, ko Esc a Asus, ka zaɓi gwadawa ba tare da sakawa ba, ka buɗe diskin ka kwafe abin da kake so zuwa diskin waje. Akwai wata dabara kuma daga cikin ɗakin gyaran Windows, wato shafin zaɓuɓɓukan gyara da ke fitowa idan Windows ta kasa tashi: ka buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta umarni a ciki, ka rubuta notepad, ka zaɓi buɗe fayil, ka sauya nau'in fayil zuwa duka; ƙaramar tagar da ta buɗe za ta nuna maka dukkan manyan fayilolinka, kuma za ka iya kwafe su zuwa filashi ta danna ɓangaren dama na linzami. Ba ta nuna ci gaban kwafin, saboda haka sai ka yi haƙuri har ta gama.

Shi wannan ɗakin gyara, Windows 10 da 11 sukan shige shi da kansu idan tashi ya gagara sau biyu a jere. Idan bai fito ba, ka danne maɓallin kunnawa ka kashe kwamfutar da zarar ɗigogin Windows sun fara juyawa, ka maimaita, a karo na uku zai fito. Idan ya ƙi, filashin sa Windows da aka haɗa da Media Creation Tool na Microsoft yana da zaɓin gyara a shafinsa na biyu. A ciki ka fara da Startup Repair. Idan matsalar ta fara ne bayan sabunta manhaja, zaɓin cire sabuntawar ƙarshe ko System Restore ya fi dacewa, kuma ba su taɓa takardunka da hotunanka. Idan kana zargin wani direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa wani kayan kwamfuta, ko wata manhaja da ka sa, ka shiga Startup Settings ka danna 4 domin Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi, ka cire abin daga can. Abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024 ya nuna ƙimar wannan hanya: sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, cikin shuɗin sikirin, ta tsayar da jirage da ayyukan bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama, maganin kuwa shi ne shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya. Waɗanda suka fi shan wahala a lokacin su ne masu diski a kulle da ba su da makullin BitLocker a kusa.

Lambobin kuskure irin su 0xc000000e da 0xc000000f suna nuna cewa bayanan da ke jagorantar tashin Windows ne suka lalace ko suka ɓata, ita kanta Windows tana nan. A tsohuwar kwamfuta mai MBR, umarnin bootrec /fixmbr, bootrec /fixboot da bootrec /rebuildbcd a Command Prompt sukan gyara abin. A mai UEFI kuwa, bootrec /fixboot yakan ƙi aiki, don haka bcdboot ya fi. Ka rubuta diskpart, sannan list vol, ka nemi ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32, wanda galibi megabait 100 ne zuwa 260. Ka zaɓe shi da select vol tare da lambarsa, ka ba shi harafi da assign letter=S, ka fita da exit, sannan ka rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Ka lura cewa a ɗakin gyara Windows ba lallai ta kasance a C ba, tana iya komawa D ko E, don haka ka tabbatar tukuna da umarnin dir, wanda ke nuna abin da ke cikin kowane harafi. Ka kuma yi hattara da diskpart, domin umarnin clean da ke cikinsa yana share tsarin diski gaba ɗaya ba tare da ya tambaye ka ba.

Masu Linux da suka ci karo da "grub rescue", ko waɗanda Windows ta danne musu zaɓin Linux bayan sabuntawa, su fara duba jerin tashi a UEFI, domin sau da yawa sunan Ubuntu yana nan, ƙasa kawai ya koma. Idan ba ya nan, ana sake sa GRUB, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da Linux, daga filashi. A kwamfutar Mac, jakar fayil mai alamar tambaya tana nufin ba a ga diskin tashi ba; ana shiga ɗakin gyara da Command da R a masu Intel, ko ta danne maɓallin kunnawa a masu M1 da na bayansa, sannan a duba diskin da Disk Utility.

Sake sa babbar manhaja yana zuwa ne bayan fayiloli sun tsira, gwajin diski da RAM ya fito lafiya, kuma hanyoyin gyara sun gaza. Ko a nan ma, ka fara gwada Reset this PC tare da zaɓin barin fayiloli, wanda ke cire manhajoji ya bar takardunka. Idan gwaji ya nuna diskin ya fara lalacewa, sa masa sabuwar Windows ba zai warkar da shi ba, matsalar za ta dawo. A sa sabon diski irin SSD, wanda ba ya juyawa, a ɗora manhajar a kansa, a saka tsohon a akwatin USB domin a kwashe abin da ya rage a cikinsa.