Kurakuran masu dasa na'urar sauraron kukan kwaɗi

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya ji tafki ya kaure da kuka a rikodin, sai ya rubuta wai kwaɗi sun ƙaru. Ba haka ba ne fa. Maza ne ke kuka suna kiran mata, matan galibi shiru suke, ƙananan da ba su balaga ba ma haka. Toh na'urar me ta gaya maka? Cewa iri kaza yana wurin, a dare kaza. In yawansu kake nema dole ka haɗa da fita da tocila ka ƙirga da ido, ko ka jera makirfo da yawa da agogonsu ya zo ɗaya don a gane daga inda kowane kuka ya fito.

Sai lokacin dasawa. A Sahel akwai kwaɗin da ke binne a ƙasa duk rani, ruwan farko mai ƙarfi na sauka su fito su yi kwana kaɗan suna hayayyafa shikenan su yi tsit, kai kuma kana jiran damina ta kankama kafin ka kai kayanka, ai ka makara. Kai su tun ranar da hadari ya fara haɗuwa.

Agogo ma yana cin mutane. AudioMoth, wata ƙaramar na'urar ɗaukar sauti, da agogon duniya na UTC take aiki, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya, sannan in batir ya zame agogon gogewa yake, ka dawo ka tarar da fayil mai kwanan wata 1970. Ka duba saiti bayan ka sa batir, ba kafin ba.

Kar ka ce za ka turo sautin gaba ɗaya ta LoRa, wato hanyar aika ƙananan bayanai zuwa nesa ta rediyo, ba za ta iya ɗauka ba kuma batir zai mutu. Bari na'urar ta tantance a wurin ta turo sakamako kawai, asalin sautin ya zauna a memori.

Manhajar tantancewa kuma, ko Arbimon ko Kaleidoscope, tana iya ɗaukar gyare a matsayin kwaɗo, musamman in da kukan wata nahiya aka horar da ita. Zauna ka saurari wani kaso da kunnenka. Kwaɗi irin su Xenopus kuwa a ƙarƙashin ruwa suke kuka, makirfon da ka ɗaure a bishiya da wuya ya ji su, sai ka nemi wanda ake nutsarwa cikin ruwa.