Yadda Ake Haɗa Kujera Mai Motsi Don Wasan Tseren Mota a Gida

Kujerar da ke girke a ɗaki ba za ta iya ba ka ainihin fizgar da direban tsere yake ji a kwana ba, don ba inda za ta. Wayo take yi wa jiki. Ka taka totur ta kwanta baya, ka taka birki ta sunkuya gaba, ka sha kwanar dama ta karkata hagu, nauyinka ya zuba gefe guda, ƙwaƙwalwa ta ɗauka mota ce ke jan ka. Karkatar digiri 10 tana tura kusan kashi 17 cikin ɗari na nauyin jikinka zuwa gefe, kuma wannan ya isa ya ruɗi wanda idonsa ke kan allon wasan kwamfuta. Don haka ba babban motsi ake nema ba. Ƙarami ake so, mai sauri, wanda yake zuwa a kan lokaci.

Mafi sauƙin haɗawa ita ce mai motsi iri biyu, gaba da baya da kuma hagu da dama, wadda kujerar kaɗai ke motsi, sitiyari da feda suna kafe a wurinsu. Akwai wadda komai ke motsi tare, amma nauyinta ya fi ƙarfin ƙananan injuna, gara a bar ta sai hannu ya faɗa.

Kayan aiki

Za ka nemi kujerar mota marar nauyi, irin ta tsere wadda ba ta kwantawa, domin mai kwantawa tana da lilo a mahaɗinta kuma lilon yana shanye motsin. Sai fayif ɗin ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 25 ko 30, kaurin milimita 2, don firam biyu: na ƙasa mai faɗi da na sama da kujera za ta hau. Sai mahaɗin nan mai siffar gicciye da ke jikin furofelar mota, shi ne gwiwar da kujerar za ta riƙa juyawa a kai. Yana lanƙwasawa ta ɓangare biyu amma ba ya barin kujera ta murɗe kamar ta aski, abin da ake so ke nan.

Injuna biyu iri ɗaya. Injin waifa na mota mai 12V yana yi idan mai zama ba shi da jiki sosai, na babbar mota mai 24V ya fi shi ƙarfi. Wanda ya fi duka shi ne inji mai giya irin ta sukuru, na wat 200 zuwa 350, mai juyi 50 zuwa 70 a minti. Sannan allon Arduino Uno ɗaya, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba injuna umarni, allon tuƙa inji IBT-2 guda biyu, ma'aunin juyi biyu, sandunan ƙarfe masu zare M10 ko M12 da kawuna masu ƙwallo guda huɗu, fiyus, da babban jan maɓallin kashe wuta.

Wurin sa gwiwa

A nan yawancin kujeru suke lalacewa tun ba a jona waya ko ɗaya ba. In gwiwar ba ta zauna daidai ƙarƙashin tsakiyar nauyi ba, injunan za su wuni suna ɗauke da mutum maimakon motsa shi. Za su yi zafi, su ja wuta, ɓangare ɗaya ya yi sauri ɗaya ya yi nawa, mai kujera ya ce injin ne ba shi da ƙarfi ya sayo babba, matsalar kuwa tana nan.

Kada ka auna da ido. Ka ɗaure kujerar a kan firam ɗin sama da duk abin da zai hau kansa, har bel. Ka shimfiɗa gungumen fayif zagayayye a ƙasa a gicciye, ka ɗora firam ɗin a kai, ka zauna yadda za ka zauna wajen tuƙi, ƙafafu a kan feda, hannu a miƙe. Wani ya riƙa mirgina fayif ɗin kaɗan-kaɗan har a kai inda ɗan yatsa ɗaya zai iya tura ka gaba ko baya. A sa alama da alli. Nan za a yi waldar gwiwar, a tsakiya tsakanin hagu da dama, kuma a matso da ita kusa da gindin kujera iya yiwuwa. Kowane santimita da aka ƙara tsakanin gwiwa da kujera ƙarin nauyi ne da zai riƙa rinjaya in an karkata. In mutane masu bambancin jiki za su yi amfani da ita, a bar layin dogon da ke ƙasan kujerar mota, kowa ya ja ta zuwa inda ta daidaita masa.

Hannu da sanda

Injunan suna zama a bayan kujera a kan firam ɗin ƙasa, a ware da juna. Kowanne yana da ɗan hannun ƙarfe a bakin shaf ɗinsa, sanda ta tashi daga hannun zuwa firam ɗin bayan kujera wajen kafaɗa, sandunan biyu suna matsowa kusa da juna ta sama. In sun tura tare kujera ta sunkuya, in ɗaya ya tura ɗaya ya ja ta karkata gefe.

Tsawon hannun, daga tsakiyar shaf zuwa tsakiyar ramin sanda, ya kasance milimita 50 zuwa 65. Ga lissafin. Inji mai juyi 60 a minti yana zagaye ɗaya a daƙiƙa, to bakin hannu mai milimita 60 yana tafiyar kusan milimita 377 a daƙiƙa, saurin da ya wadatar. In ka tsawaita hannun saurin zai ƙaru, ƙarfin turawa ya ragu daidai gwargwado. Hannun zai riƙa hawa digiri 45 ya sauka digiri 45, wato kusan milimita 42 kowane ɓangare. In sandar ta kama firam a nisan milimita 600 daga gwiwa, kujera za ta karkata wajen digiri 4 gaba, 4 baya. A takarda kamar bai kai ya kawo ba. A zaune, da hannu riƙe da sitiyarin da ba ya motsi, yana da yawa.

Ka huda ramuka uku a jikin hannun don ka iya gwadawa. Kuma idan kujera tana tsaye a tsakiya, hannu da sanda su yi kusurwar digiri 90 da juna. Notin da ke kan shaf ɗin waifa yana kwancewa saboda juyin gaba da baya, don haka bayan an gama saiti a ɗiga masa walda.

Wuta

Kafin komai, injin waifa yana da tarko. A mota, nagatif ɗinsa yana haɗe da gangar jikinsa. Allon tuƙa inji kuwa juya fositif da nagatif yake yi don ya sauya alkibla, to in injuna biyu suna ɗaure a firam ɗin ƙarfe ɗaya, wuta za ta haɗe ta cikin firam ɗin, allo ya yi hayaƙi nan take. Ka buɗe murfin giyar, ka raba wayar burushi da gangar jiki, ka fito da ita daban. Ka sa mita tsakanin kowace waya da jikin injin. In ta yi ƙara, aikin bai yi ba.

Ma'aunin juyi shi ke gaya wa Arduino inda hannu yake. Ana iya sa irin abin murɗa sautin rediyo mai 10k, amma gogayya tana cinye shi, kuma yana da iyakar juyi da inji zai karya a gudu ɗaya. Mai aiki da maganaɗisu, na digiri 180, ya fi daɗewa. A haɗa shi da shaf ta guntun tiyo na roba, don in an samu ɗan kauce tiyon ya shanye. Wayoyinsa uku a murɗe su tare, a nisanta su da manyan wayoyin inji, in ba haka ba za ka ga kujera tana karkarwa ita kaɗai.

Kowane inji a ba shi na'urar ba da wuta mai aƙalla amfiya 30, da waya mai kaurin milimita 4 murabba'i. Duk lokacin da inji ya juya alkibla da sauri yana mayar da wuta baya, na'urar ta ɗauka matsala ce ta kashe kanta a tsakiyar tsere. Maganinsa batiri mai volt daidai da nata, a haɗa shi da ita fositif da fositif, nagatif da nagatif, ya riƙa shanye abin da ya dawo, da fiyus dab da kan batirin. An rubuta amfiya 43 a jikin IBT-2, kada ka yarda da wannan a aikin ci gaba, ka sa masa fanka. Nagatif ɗin Arduino da na allunan ya zama ɗaya. Jan maɓallin kuwa wutar injuna zai yanke kai tsaye, ba ta kwamfuta ba, kuma ya kasance inda hannu zai kai ido a rufe.

Saiti

A zuba manhajar sarrafa injuna mai suna SMC3 a Arduino, a zaɓi yanayin da ya dace da IBT-2 a cikinta kafin a tura. Ma'aunin inji na farko yana shiga ramin A0 na Arduino, na biyu A1. Gwajin farko a cire sandunan, hannuwa su juya a banza. A buɗe SMC3Utils, manhajar saiti ta kwamfuta, a mayar da PWMmax, wato iyakar wutar da ake ba inji, sifili, sannan a riƙa ƙara shi a hankali. Za ka ga layi biyu, na inda ake so hannu ya je da na inda yake. In na biyun ya bi na farko, madalla. In ya guje masa, an juya wayoyi: a kashe wuta a musanya wayoyi biyu na wannan injin. Daga nan a ɗaga Kp, wato ƙarfin da inji ke bin umarni da shi, har hannu ya riƙa isa wurinsa da kuzari. Ya fara wuce wuri yana dawowa, ko yana gurnani a tsaye, an yi yawa, a rage. A sa iyakar da za ta kashe inji in hannu ya zarce.

Sai an gama wannan za a mayar da sanduna, a gwada da buhun yashi a kan kujera kafin mutum. Yara da dabbobi su yi nisa, hannun nan ba ya sanin yatsa.

Manhajar da ke karɓo bayanan mota daga wasa ta aika wa Arduino ita ce SimTools, ko FlyPT Mover, ko SimHub. Wasanni irin su Assetto Corsa da iRacing da rFactor 2 duk suna fitar da bayanan, wasu kuma sai an kunna fitarwar a saitinsu. Kuskuren sabon shiga shi ne ya kunna komai ya ƙure. Kujera ta yi ta watsi da shi, bai san birki daga gargada ba, bayan minti goma jiri ya kama shi. Ka fara da abu ɗaya: birki da totur kaɗai, a kan hanya da motar da ka sani. Ka tabbatar alkiblar daidai ce, don kujerar da ke kwantawa baya lokacin birki tana tayar da zuciya nan da nan. In ya zauna, ka ƙara na kwana, sannan ɗan gargada. Manhajar tana ba kowane motsi kasonsa cikin ɗari na tafiyar inji. Jimillar kason da ka raba wa kowane inji kada ta wuce ɗari da yawa, in ba haka ba hannu zai kai ƙarshensa a tsakiyar kwana, birkin da ya biyo baya ba za a ji shi ba.

Tace motsi a cikin manhajar tana sa ya yi laushi amma tana jawo jinkiri, a sa kaɗan. In ka ji ƙwas-ƙwas duk lokacin da kujera ta sauya alkibla, ka kashe wuta ka girgiza ta da hannu ka bi sautin: ko noti ne ya saki, ko ƙwallon kan sanda ya ci, ko haƙoran giya sun fara sararawa. Na giya ba ya gyaruwa da ɗauri, amma in ka matsar da kujera ta ɗan rinjaya baya da kilo biyu ko uku, haƙoran za su zauna manne a gefe ɗaya, ƙarar ta ragu sosai.