Babi na 6: Tafiyar Magani a Cikin Jiki

Darasi na 1: Daga baki zuwa jini

'Yan uwa, kowa ya ɗauko kwalin magani ya ajiye a gabansa. Ba sai kun iya karanta duk rubutun ba tukuna. Lamba kawai za mu nema yau.

Idan mutum ya haɗiyi ƙwaya da ruwa, ba ta zarcewa wurin da ke ciwo. Ciki take sauka ta narke, ta gangara ƙaramin hanji, a nan ne mafi yawanta ke shiga jini. Jinin ya fara bi ta hanta, sannan zuciya ta tura shi ko'ina. Babban mutum yana da jini kamar lita 5, kuma cikin kusan minti 1 zuciya ke zagayawa da shi. Shi ya sa maganin da aka sha don ciwon kai yake kaiwa har ɗan yatsan ƙafa. Allurar jijiya kuwa ba ruwanta da hanji, kai tsaye take shiga jini.

Darasi na 2: Sau uku a rana

Nan ne nake ganin kuna tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Tun daga lokacin da magani ya shiga jini, jiki ya fara aikin fitar da shi. Hanta na farfasa shi, ƙoda na tace shi zuwa fitsari. Ɗauki parasitamol: bayan kamar awa 2, rabinsa ya tafi. Bayan wata awa 2, rabin abin da ya rage ya tafi. Rubuta a allonka: 100, 50, 25. Ka gani? Raguwa yake yi ko kana barci. Wannan ne dalilin da ake cewa a sake sha, kafin ya yi ƙasa har ya daina aiki.

To, idan aka rubuta 3 a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoksisilin, me ake nufi? Kwana ɗaya awa 24 ne, da darensa da ranarsa. Raba 24 gida 3. Amsa 8. Kenan duk bayan awa 8. Zana agogo, ka sa ɗigo a ƙarfe 6 na safe. Ƙirga takwas da yatsa: 7, 8, 9, 10, 11, 12, 1, 2. Ƙarfe 2 na rana. Sake ƙirga takwas, ka sauka a 10 na dare. Madalla. Wanda ya ɓata ya goge ya sake, ba abin kunya ba ne.

Mu maimaita da baki: 6, 2, 10. Kuma: 6, 2, 10. Idan 2 aka rubuta, awa 12 ce tsakani. Idan 4 ne, awa 6. Amma 3 fa? Awa 8.

Wata baiwar Allah a ajina ta ce ta shanye ukun kafin rana ta faɗi, don kada ta manta. Haba, baba! Da rana magani ya yi wa jini yawa, da dare kuma ya ƙare, cuta ta samu sarari. Na faɗa, na sake faɗa, har yanzu wasu na haɗa biyu don sun tsallake ɗaya. Ku daina. Hanta ba ta ƙara sauri don an jibga mata aiki. Parasitamol ɗin nan da kuke rainawa, idan babba ya wuce giram 4 a kwana ɗaya, yana iya lalata hanta. Uku a rana, awa nawa tsakani? Takwas.

Darasi na 3: Ƙofofin fita

Fitsari ne babbar ƙofa. Masu shan rifamfisin don tarin tibi kan ga fitsarinsu ya yi ja-ja; maganin ne ke fita. Wani maganin ta bayan gida yake bi, wani ya shiga nonon uwa. Mai shayarwa, da tsoho, da mai ciwon ƙoda ko hanta, su gaya wa likita kafin ya rubuta musu magani.

Darasi na 4: Aikin gida

Zana agogo. An fara sha ƙarfe 7 na safe, sau 3 a rana. Sa sauran ɗigon biyu, ka zo da shi.