Darasi na Shida: Yadda Ƙwayoyin Cuta Ke Yi wa Jiki Ɓarna

Ku ɗebo ruwa daga randa a kofin gilashi, ku ɗaga shi a hasken rana. Kun gan shi garau, ko? To, a nan ido bai isa shaida ba. Akwai halittu masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda ko guda dubu suka yi layi ba za su kai tsawon ƙwayar gero ɗaya ba. Sai da madubin likita ake ganinsu. Wanda ya fara ganinsu ma ba likita ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya goge gilashi da hannunsa ya leƙa ɗigon ruwa a shekarar 1676. Sai da aka yi shekara 200 da 'yan kai kafin a tabbatar da ɓarnarsu. A 1882 likitan Jamus Robert Koch ya nuna ƙwayar da ke kawo tarin fuka.

Kada ku ce duk miyagu ne. Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ke nuna daddawa. Cikin hanjin kowannenmu akwai su birjik, suna taya mu narkar da abinci. Kaɗan ne daga cikinsu ke kawo ciwo, su ne muke kira ƙwayoyin cuta.

Sai ƙwayar cuta ta sami ƙofa take shiga: baki, hanci, rauni a fata, cizon sauro, jini, ko saduwa. In ta shiga kuma ba ta zama ita kaɗai. Wata ƙwayar, in ta sami ɗumi da abinci, takan rabu biyu duk minti 20. Ku lissafa a allo: 1, 2, 4, 8, 16. Cikin awa 7 ɗaya ta haura miliyan 2. Shi ya sa mutum kan kwashi cuta yau, ya ci gaba da harkarsa lafiya lau, sai jibi ko gata ta kayar da shi. Ba ranar da ya kwanta ta shige shi ba.

Amma kowace da irin ɓarnarta.

Mai zuba guba

Mu ɗauki kwalara, wato amai da gudawa, wadda kan ɓarke mana da damina idan ruwa ya kwaso ƙazantar masai ya zuba a rijiya. Ƙwayarta tana daga dangin da ake kira bakteriya. Mutum ya sha ta a ruwa ko ya ci ta a abinci, sai ta sauka ƙaramin hanji ta manne a bangonsa. Ba ta shiga jini, ba ta cin naman hanji. Guba kawai take fitarwa.

Aikin hanji shi ne ya tsotsi ruwa ya ba jiki. Gubar nan sai ta juya aikin: hanji ya riƙa janyo ruwa da gishiri daga jiki yana zubarwa. Nan zawo zai tsinke, fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. In abin ya yi tsanani, babban mutum na iya zubar da kusan lita ɗaya a awa guda. Idanu su faɗa, harshe ya bushe, fitsari ya ɗauke. In ka tsunkuli fatar ciki ka saki, ba ta komawa da wuri. Ƙarfaffan mutum da ya je gona da safe yana iya rasuwa kafin wayewar gari.

Ku lura da kyau a nan. Abin da ke kisa a kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki. Don haka masu cewa a hana mai zawo shan ruwa wai don zawon ya tsaya, ƙara tura shi rami suke yi, ko da niyyarsu ta alheri ce. Abin da ya fita shi za a mayar, tun daga gida har a isa asibiti.

Mai fasa jini

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba bakteriya ba ce, wata halitta ce daban. Macen sauro ce ke zuba ta a jini. Da farko takan wuce hanta ta ɓuya, ta yi mako guda ko fiye tana hayayyafa, mutum bai san komai ba. Daga nan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta cika su har su fashe, 'ya'yan su faɗa wa wasu. Lokacin fashewar nan ne ake jin sanyi da rawar jiki, sannan zafi ya biyo. Yaron da ta daɗe tana fasa wa jini, za ku ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari.

Wasu kan ce mangwaro da sabuwar masara ke kawo zazzaɓin nan, amma ba su da laifi. Damina ce ke tara ruwa a kwata da tsofaffin tayoyi, sauro ya yi ƙwai.

Mai kwace gida

Akwai dangi na uku, bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ba ya iya haihuwa da kansa. Sai ya kutsa cikin ƙwayoyin jikin mutum, ya tilasta musu su bar aikinsu su riƙa ƙera irinsa. Ƙyanda, mura da shan inna duk aikinsa ne. Bairos ɗin ƙyanda na iya rataye a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya yi tari ya fita. Yaro kuma yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su feso.

Jiki ba ya naɗe hannu. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarunsa. Kaluluwar da ke fito maka a matsematsi in ka ji ciwo a ƙafa, sansaninsu ne ya cika. Mugunyar da ke cikin maruru, yawancinta gawarwakinsu ne. Kuma ba sa mantuwa: wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi. Allurar rigakafi tana nuna wa dakarun nan kamannin abokin gaba tun bai zo ba. Ta ƙyanda ana fara yi wa yaro yana wata 9.

Wata rana a aji wata uwa ta ce da ni, "Malam, ni kam duk ciwon da ya kama yaro, kafso nake saya a kemis in buɗe masa a koko." Na ce, "Baba, kafson nan na kashe bakteriya ne. Ba ya taɓa bairos, ba ya korar zazzaɓin sauro." In an sha shi barkatai, ko aka bar shi rabi da an ji sauƙi, ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa. Ran da ake buƙatar maganin da gaske sai ya ƙi ci. Gwajin jini na ɗigo ɗaya a asibiti yana nuna ko zazzaɓin na sauro ne cikin minti 15 zuwa 20.

Tambayoyi

1. Me ya sa ciwo ba ya bayyana ranar da ƙwayar cuta ta shiga jiki?
2. Me ke kashe mai kwalara?
3. Rubuta sunan cuta biyu da bairos ke kawowa.

Aikin yi a aji

Za mu haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba mai zawo don mayar da ruwan da ya fita daga jikinsa. Kowa ya wanke hannu da sabulu. A auna lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda 2 ta fiya wata, ko ruwan da aka tafasa ya huce. A zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A zuba gishiri rabin ƙaramin cokali. A dama, kowa ya ɗanɗana. Kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Ana ba mai zawo kaɗan-kaɗan ba tsayawa. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Wanda ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. In akwai na sacet da ake bayarwa a asibiti, shi ya fi.