Yadda Za Ka Gane Ɗan Ƙwallon Da Aka Fi Nema A Intanet

Musun wa ya fi wa farin jini baya ƙarewa a majalisun samarinmu na Jidda da Makka, balle tunda Ronaldo ya sa hannu a Al-Nassr ƙarshen 2022, su Benzema da Neymar suka biyo bayansa a 2023. To ɗan uwa wayarka ma ta isa ta raba gardamar nan.

Fara buɗe Google Trends, shafin Google da ke nuna yadda ake neman abu a intanet, kyauta ne. Rubuta sunan ɗan wasa, ka danna wajen kwatantawa ka ƙara wasu. Anan fa ake tafka kuskure, in ka rubuta sunan kar ka zaɓi kalmar zalla, zaɓi wanda aka sa ma ɗan ƙwallo a ƙarƙashinsa, domin a nan Saudiyya yawanci da Larabci ake bincike, in ka tsaya kan rubutun boko kaɗai ka zubar da mutane masu yawa, ga kuma Ronaldo na Brazil da zai shigo ya cakuɗa maka lissafi.

Sai ka zaɓi ƙasa. Saudiyya daban, Najeriya daban, duniya gaba ɗaya daban. Gwada Ahmed Musa da ya buga wa Al-Nassr daga 2018 zuwa 2020 a ƙasashen biyu ka gani da idonka.

Sannan lokaci, ni dai wata 12 nake sawa ko shekara 5, sati ɗaya yaudara ce wallahi. Duba Salem Al-Dawsari a Nuwamban 2022 da ya zura wa Ajantina ƙwallon da Saudiyya ta ci 2-1 a Katar, layinsa a jadawalin zai yi sama lokaci guda ya dawo. Shi ya sa matsakaicin da ke gefe ake jera su da shi, ba ƙololuwar ba. Kuma lambar da jadawalin ke nunawa daga 0 zuwa 100 ba yawan mutane bane, 100 na nufin lokacin da neman ya kai ƙololuwa ne kawai. Rauni ko abin kunya ma na ɗaga ta, ba ƙauna kaɗai ba.

Daga nan leƙa Instagram. Ronaldo ya haura mabiya miliyan 600, a nan kam ba a ja da shi. Amma mabiya ana sayensu, don haka ɗauki hotuna 10 na ƙarshe na kowanne, haɗa masu laik, raba da 10, sai ka raba da yawan mabiyansa. In jerin nan ya saɓa da na Google, duba ranar da layin ya tashi ka nemo abin da ya faru ranar.