Kafin ka kafa allon "ana neman ma'aikata" a ƙauyenku

Ɗan yayata da ya gama bautar ƙasa ya kira ni makon jiya, wai yana so ya buɗe ofishin nema wa mutane aiki a garinsu, can wajen Kafin Hausa. Ya ce, "Kawu, me zan fara saya, kwamfuta ko firinta?" Na ce masa ya fara sayen takalmi mai ƙwari. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Katinsa ya ƙare kafin in kai ko'ina a bayanin, shi ya sa na zauna na rubuta masa, da shi da duk mai irin wannan niyya.

Nawa ofishin shago ɗaya ne a gefen titin Kano zuwa Haɗeja, ba nisa da Gujungu. Tebur ɗaya, benci biyu, sai wata tsohuwar kwamfuta da mai cajin waya na kusa da ni yake ja min wuta. Da can malamin firamare ne ni. Na fara wannan sana'a a 2017, kuma yawancin waɗanda nake turawa leburorin gini ne, magina, masu gadi, direbobi, 'yan dako a injin casar shinkafa, da masu aikin gonakin rani.

A gama da maganar takardu tukuna, don ba ta da tsawo. Ka yi wa sunan ofishinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sannan ka sani dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce mai ɗibar ma'aikata domin wasu sai ya mallaki lasisi, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke bayarwa. Ka je da ƙafarka ka tambayi sharuɗɗan, kada ka bi ta hannun ɗan kamasho. Idan ƙarfinka bai kai ba, ka zama wakilin wani kamfani mai lasisi, ku rubuta yarjejeniya, ka rataye kwafin lasisinsa a bango inda kowa zai gani.

Amma takarda ba ta buɗe ƙofar gida a ƙauye. Kafin ka shafa wa shago fenti, ka je zauren mai unguwa da goronka, ya kai ka wurin dagaci. Ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake son yi, ga inda yaran za su riƙa zuwa." Ka gaida liman, ka zauna a majalisar dattawa ko da sau biyu ne. Ba don su samo maka mutane ba, masu neman aiki ba sa ƙarewa. Don ranar da abu ya ɓaci a wannan zauren za a kira ka, kuma da bambanci tsakanin wanda ya taɓa shigowa da sallama da wanda sai da aka aika a zo da shi.

Yanzu maganar takalmi. Kada ka tura ɗan kowa inda ƙafarka ba ta taka ba. Wannan darasi da tsada na saye shi.

A shekarata ta biyu wani ɗan kwangila ya kira ni, ya ce yana da gini a bayan garin Abuja, yana son lebura 9. Muryarsa da daɗi, ya iya "Malam, Allah ya saka da alheri", har ya turo kuɗin motar rabinsu. Na zaɓi yara na sa su a mota. Sati 6 suna kwaɓa siminti, kullum sai ya ce musu mai gini bai saki kuɗi ba. Daga ƙarshe wayarsa ta daina shiga. Suna kwana a kangon da suke ginawa, mai abincin da ke ba su bashi ita ma ta rufe tukunyarta. Wata safiya na zo buɗe shago na tarar da mahaifiyar ɗaya daga cikinsu zaune a dokin ƙofa, ta ajiye ƙwaryarta a gefe, ta lulluɓe da mayafi har goshi. Na gaishe ta, "Inna, ina kwana." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ni ban san ɗan kwangila ba. Kai na sani." Ran nan na kai ragon da nake kiwo don layya kasuwa, na haɗa da buhun gero biyu, na tura musu kuɗin mota. Ladan aikinsu har yau ba a gan shi ba.

Tun daga nan, ko aikin mutum biyu ne sai na je. In na isa wurin, ba ofishin manaja nake fara shiga ba. Wurin mai abinci nake zama, in sayi shinkafa da wake, in ja ta da hira. Ita ce ke ba ma'aikata bashi har ƙarshen wata, don haka ta fi kowa sanin ko ana biya a kan lokaci. In ta ce, "Ai yaran nan ba sa wuce ran biyu ga wata sun sallame ni," hankalina ya kwanta. In ta taɓe baki ta ci gaba da zuba miya, na ji amsata. Daga nan sai in nemi a nuna min makwanci, inda ake ɗiban ruwan sha, banɗaki, da wurin salla. Ka tambayi sunan wanda kuɗi ke fita daga hannunsa, domin sau da yawa mai ɗaukar aiki daban, mai biya daban, kuma a tsakaninsu haƙƙin lebura yake nutsewa.

Sai rubutu. Mutanenmu sun saba da ciniki na baki, "mun daidaita" shi ke nan. Kai kada ka yarda. A rubuta ko jinga ce, ko biyan kullum, ko albashin wata. In jinga ce a faɗi ma'auninta ƙarara: yankan shinkafa fage nawa, dako buhu nawa, bulo guda nawa. A rubuta wa zai ciyar, wa zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma wa zai ɗauki magani in inji ya ci yatsa. Doka ma tana bayanka: ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce, akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, ke kula da ita. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai kada ka cika baki da shi a gaban yara, don dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin jinga da aikin gona na lokaci. Mafi yawan ayyukan da za su zo hannunka irin waɗannan ne, saboda haka bakinka da takardarka su ne kariyar yaron. Ni da Hausa nake rubutawa, in karanta da ƙarfi a gaban kowa, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala. In kamfanin gadi ne ya zo neman mutane, ka nemi ganin lasisinsa na hukumar sibil difens kafin a fara wata magana.

La'adarka ka karɓa daga mai neman ma'aikata. Kada ka sayar wa mai neman aiki fom, ko na naira 500 ne. Na san da wuya, musamman a watannin farko da kuɗin haya ke bin ka. Amma ranar da ka karɓi kuɗin talaka, a wurinsa alkawari ka sayar masa, kuma duk safiya zai tsaya a ƙofarka yana jiran kayansa. Ban da haka, 'yan damfarar aikin gwamnati sun riga sun ɓata kalmar fom a karkara. Kowane gari akwai wanda ya sayar da akuya ya biya kuɗin takardar ɗaukar aiki ta bogi.

Littafina mai bangon kwali ne, irin na rajistar makaranta. Suna, sunan mahaifi, unguwa, abin da mutum ya iya, lambar waya, lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, da sunan wanda ya tsaya masa. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Ba na karɓar aboki sa'ansa, sai uba, ko baffa, ko malaminsa, wanda in yaron ya gudu da babur ɗin mutane kunya za ta kama shi shi ma. Kada ka riƙe takardun makaranta na asali, kwafi ya isa. Kada ka tambayi kowa lambar banki ta BVN, ba ruwanka da ita. Littafin nan kuma amana ne. Gab da zaɓen 2023 wani ya zo da kuɗi masu kauri yana son in kwafe masa lambobin wayar matasan da ke ciki. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin titi.

Ka iya kalandar garinku. Daga saukar damina har a ɗaure gero, kada ka yi wa kowa alkawarin mutum 20, ba za ka samu ba, kowa na gonar gidansu. Wanda ma ka tura birni, da ya ji an yi ruwan shuka zai fara haɗa jaka, gara ka gaya wa mai aikin tun da wuri. Da kaka aiki ke neman mutane: yankan shinkafa, casa, ɗaurin buhu. Bayan kaka sai cin rani, a lokacin ne bencina biyu ba sa isa. A nan nake ƙoƙarin karkatar da wasu zuwa gonakin rani na wajen Auyo da fadamun Haɗeja, alkama da shinkafa da albasa, maimakon Legas ko Fatakwal. Kuɗin ba lallai ya kai na kudu ba, amma yaro yana iya zuwa gida ran Juma'a, kuma in rigima ta tashi babur zai kai ni.

Mata ma suna neman aiki, sai dai ba za su zo su zauna a bencinka ba. Jigawa ƙasar riɗi da zoɓo ce, kuma gyaran su, tsinta da sheƙa da tankaɗe, kusan duk hannun mata ne. Ka samu dattijuwa mai mutunci da ke shiga gidaje ta zama wakiliyarka, ka riƙa ba ta kasonta. Tawa Gwaggo nake ce mata, kuma ta fi ni iya ciniki nesa ba kusa ba. A nemi yardar miji ko uba, a tabbatar ana tashi kafin magariba, kuɗin kuma a hannun mai aikin za a danƙa, ba a hannun wani ba.

Abu biyu ne ba na ko sauraro. Na farko, tura ƙananan yara mata aikatau birni. Hajiyoyi za su kira ka, "a samo min yarinya 'yar shekara 10 mai hankali", kuma la'adar da daɗi. Ka ce ba ka yi. Na biyu, duk wanda ya zo da zancen aiki a Libiya ko wata ƙasar Larabawa, wai a tafi yanzu a biya kuɗin hanya daga baya. Muna kusa da iyaka, Maigatari ga ta nan, kuma kowa ya san yadda hanyar Agadas ta ci mutane. Wannan safarar mutane ce, yaƙi da ita aikin hukumar NAPTIP ne da aka kafa tun 2003, kuma mai ofishin da ya haɗa su shi ma yana ciki dumu-dumu.

Ɗan yayata ya tambaye ni yadda nake gane mai ƙwazo, tunda ba jarrabawa nake yi ba. A wurin gayya nake ganewa. Lokacin ambaliyar 2022, da aka yi shela a fito a cika buhuna da ƙasa a tare ruwa, na rufe shago na bi jama'a. A nan na ga wanda ya kama shebur tun hantsi har la'asar ba wanda ya sa shi, na kuma ga mai tsayawa a kan tudu yana ɗaukar hoto da waya. Wani yaro siriri da na daɗe ina tsallake sunansa don ina ganin ba shi da ƙarfi, shi ne ya shiga ruwa har ƙirji yana jera buhu, in wani ya gaji ya karɓe shi ba tare da ya yi magana ba. Yanzu shi ne shugaban leburori a wani injin casa, shi nake kira in ina son jin gaskiyar abin da ke faruwa a can. Don haka yashe magudanar ruwa, gyaran maƙabarta, yaɓen masallaci, duk ka je, ka kuma kama aikin da hannunka. Ka riƙa cika wa mutane fom ɗin makaranta ko na tallafi kyauta in kana da sarari. Jana'iza da suna kada a rasa ka.

Inda za ka sha wuya shi ne wurin dangi. Baffanka zai aiko a sa ɗansa a gaba, alhali ka san ɗan barci ne. Abin da ya cece ni shi ne layi: wanda ya riga rubuta suna, in ya iya aikin, shi ke gaba, kuma littafin a buɗe yake ga mai son dubawa. An yi fushi da ni, an daina amsa gaisuwata na 'yan watanni, daga baya aka huce. In kuwa yaronka ne ya yi laifi a wurin aiki, kada ka kare shi da ƙarya, kada kuma ka bari a wulaƙanta shi. Ka ɗauki wanda ya tsaya masa ku tafi tare, a zauna, a biya abin da ya ɓata.

In mota ta tashi, aikinka bai ƙare ba. Ka kira bayan kwana 3 ka ji sun sauka lafiya, ka kira ranar biya, ka kuma leƙa gidajensu ka gaya wa iyaye abin da ka ji. Sannan daga kowace la'ada ka cire wani abu ka jefa a asusu, kuɗin motar dawowa ke nan in wuri ya ɓaci. Nawa asusun wata tsohuwar akwatin ƙarfe ce a ƙarƙashin gado. Yanzu haka akwai abin da zai dawo da mutum 6 daga Abuja a ciki, makullin kuma yana hannun uwargidana, don ta san halina in azumi ya matso.